Koren da Bunu Ya Danna

A Tudun Kallamu, can cikin ƙasar Bagwai, akwai wani mutum da duk ranar da za a sako ruwan noman rani sai ya riga kowa zuwa bakin kwalbatin da ya ratsa ƙarƙashin titi. Zai cire takalmi, ya tattare riga, ya durƙusa a bakin ramin ya leƙa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Akwai mutum a ciki?" Sai ya kasa kunne. Ya tsallaka titi zuwa ɗaya bakin, ya sake tambaya. Ba wanda ya sa shi, ba kuma mai hana shi. Baƙo in ya gani yakan zaci taɓin hankali ne, mutanen gari kuwa kawar da kai suke yi su wuce. Sunansa Bunu, shekarunsa hamsin da ɗoriya, kuma hankalinsa ƙalau yake. Da ma ya ɗan taɓu, wataƙila da ya fi samun sauƙi.

Kakansa Kallamu ne ya taso daga Barno da jakuna ɗauke da kanwa, ya yada zango a kan tudun, ya ga ƙasar ta yi masa, ya sayar da jakunan ya kama noma. Tudun ya ɗauki sunansa. Amma a wannan yanki, inda gona ke jingine da gona, kowace kunya an san kakan wa ya fara huɗa ta, zama na shekara tamanin bai isa ya mai da mutum ɗan gari ba. Har yau in an tashi zolaya, "Barebarin tudu" ake ce musu. Bunu ya tashi yana jin haka, sai ya zama mutum mai taka-tsantsan, mai gudun abin da za a ce.

Ya yi karatu a makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, daga nan ya koyo aikin gona ya dawo gida malamin gona. Abin da aka fi saninsa da shi wani ɗan littafi ne mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ranar da aka yi shuka, ranar da tsutsa ta faɗa wa masara, wace magudana ce ta tsage, duk suna ciki. Abokansa sukan ce ko kaza ce ta tsallaka hanya sai Bunu ya rubuta ƙarfe nawa. Suna yi masa dariya, amma in gardama ta kaure a kan ranar ruwan wani, wurinsa ake zuwa, domin an san ba a taɓa samun ƙarya a littafin nan ba.

Wannan halin ne ya ba shi mata. Luba 'yar Malam Dallatu magini ce, mutumin da rabin gidajen garin da hannunsa aka ɗora su, tun ana ginin ƙasa har siminti ya shigo. Da Bunu ya aika neman aurenta, dangi suka yi ta gunaguni, wai ga 'ya'yan gari birjik sai a ɗauki yarinya a kai tudu. Malam Dallatu ya bar su suka gama, ya ce, "Na ga yadda yaron nan yake riƙe aikinsa. Na ba shi." Maganar ta tsaya nan.

Tun daga ranar Bunu ya ɗora tsohon a kansa. Kunyar suruki kowa na yi, amma ta Bunu ta fita daban. Shekara goma sha tara bai taɓa faɗin sunansa ba, ko a bayan idonsa; Baba yake cewa. Bai taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba. In ya hango shi tafe a hanya, sai ya sauka daga babur tun daga nesa, ya cire takalmi ya tsuguna, ko kuwa ya ratse ta cikin gonar wani ya yi zagaye. Gaisuwarsu ba ta wuce "Yaya aiki?" da "Da godiya." Tsohon ma haka yake yi masa, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya tambayarsa komai. A wajensu wannan ita ce ƙauna, kuma ba ƙarya suke ba, ƙaunar ce.

Ana nan sai wata babbar ƙungiya mai rassa a jihohi bakwai ta karɓi kula da magudanan ruwan da ke fitowa daga madatsa. Ta raba ƙasar sashe-sashe, ta ɗauki Bunu ya riƙe sashen Tudun Kallamu. Aka tara su a wani otal a Kano kwana biyu, aka raba musu manyan wayoyi, wani matashin injiniya mai suna Ziyad ya tsaya gaban allo yana koya musu manhajar da ƙungiyar ke tafiyar da ayyukanta da ita.

"Daga yau komai yana kan sistem," in ji shi. "Ba sauran 'na ji an ce'. Abin da ka danna a ƙauyenku, oga a Abuja yana ganinsa kafin ka mayar da waya aljihu."

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Kowane aiki yana da akwatinsa, da sunan mai yinsa, da ranar farawa da ranar gamawa. Aikin da ke tafiya rawaya ne. Wanda aka gama, mai kula da sashe zai ɗauki hoto ya tura ya danna, akwatin ya koma kore. Wanda lokacinsa ya wuce ba a danna ba, da kansa yake juyewa ja. Akwatunan kuma a sarƙe suke da juna: ba a sakar wa sashe ruwa sai duk gyare-gyarensa sun yi kore. Ziyad ya ƙara da cewa in ranar ruwan wani sashe ta zo alhali yana da ja, manhajar za ta tsallake shi ta ba na gaba wanda ya shirya, don kada ruwa ya zauna jiran kowa. Bunu ya rubuta wannan a littafinsa, har ya ja layi a ƙarƙashi.

A faɗi gaskiya, abin ya yi amfani. Simintin da a da yake ɓacewa tsakanin Kano da ƙauye ya daina ɓacewa. Mai buɗe ƙofar ruwa ya daina ba abokansa kwana biyu ya ba talaka rabin yini. Bunu ya so manhajar, don ya ga kamar littafinsa ne aka yi wa girma. Abin da bai lura da shi ba shi ne, littafinsa shi kaɗai ke karantawa, kuma littafi ba ya ba kowa umarni.

Ƙungiyar tana ɗaukar masu sana'a na gari, don haka sunan Malam Dallatu ya shiga jerin magina. A shekarar farko aka ba shi gyaran wata 'yar gada. Siminti ya makara a hanya kwana shida, ranar gamawa ta zo aiki bai kai rabi ba. Bunu ya yi abin da ya saba, ya bar akwatin yadda yake, ya koma ja. Ya rubuta dalili a ƙasa, amma wa ke karanta dalili? Launi ake kallo.

A kasuwar Bagwai tsohon ya ji labari, daga bakin wasu magina da ya koya wa riƙe cokalin gini. "Malam, an ce surukinka ya shafa maka ja." Tsohon ya kama hanyar gida. Bai kuma taɓa ɗaga maganar ba. Sai dai da Sallah ta zo, Bunu ya je ya tsuguna a zaure, gaisuwar da aka saba ja da tsawo ta ƙare a "lafiya" guda ɗaya. Luba ta yi kwana uku idonta a kumbure. Abin ya tsaya wa Bunu a rai. Ga kuma dokar ƙungiya: ja biyu cikin shekara biyu, a cire sunan mutum daga jeri. Wato maginin da ya ɗora masallacin gari, a ce bai iya aiki ba, kuma da yatsan mijin 'yarsa.

Da rani ya zagayo, aka gano kwalbatin ƙarƙashin titi ya tsage ta ciki. Dogon rami ne, taku ashirin da wani abu, mutum ba ya miƙewa a ciki sai a sunkuye. Ta nan duk ruwan sashen yake bi. Manhajar ta ba Malam Dallatu aikin, kwana goma, a gama ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma. Ruwan Tudun Kallamu kuwa sai Litinin. Manoma sun riga sun zuba alkama da albasa, kowa ya zuba ido.

Tsohon yana da shekara sittin da takwas a lokacin. Da leburansa guda, wani magidanci mai suna Sabo, suke aikin. Sabo na kwaɓa siminti a waje yana miƙawa, shi kuma yana ciki a sunkuye, ya tuɓe riga saboda zafi, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya tokare rufin da katakai yana liƙe tsaguwar taku bayan taku. Aikin mai kula da sashe ne ya riƙa zuwa yana dubawa. To, ta yaya Bunu zai tsaya a kan surukinsa, tsohon ba riga, jiki duk laka, ya ce masa "Ina aka kwana?" Ko tunanin abin sai ya ji gumi. Sai ya riƙa bi ta hanyar nesa da babur, ya ɗan rage gudu, ya hango Sabo na juya shebur, ya wuce.

Luba ce ke ganinsa kullum. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke kai wa tsohon abinci duk inda yake aiki, Bunu ya daɗe da ba ta wannan izinin. Da hantsi za ta zura hijabi, ta ɗauki fura da ɗan ɗumame ta fita. In ta dawo ba ta cewa ga abin da ta gani, shi ma ba ya tambaya. Maganar uban mace ba abin da miji ke tonawa ba ne, balle bayan abin da ya faru bara.

Ranar Alhamis Bunu ya jira har lokacin azahar, da ya tabbata sun tafi masallaci, sannan ya gangara bakin kwalbatin. Daga waje aiki ya yi kyau, an shafe bakin sumul, hannun gwani ba ya ɓuya. Ya sunkuya ya leƙa. Can ciki, bayan inda haske ya tsaya, katakan tokara na nan tsaye a jere. Ga bokiti, ga cokalin gini, ga hular tsohon a rataye jikin ƙusa. Bunu ba yaro ba ne a aikin nan. Ya san saura kwana uku, in an yi sauri.

Ya ja da baya, ya nemi inda wayar za ta ɗauko bakin kwalbatin kaɗai ba tare da duhun ciki ba, ya ɗauki hoto. Sannan ya je gindin wata darbejiya ya zauna da wayar a hannu. La'asar ta yi, ya yi salla a nan, ya koma ya zauna. Lissafinsa ɗaya ne: ruwa sai Litinin, Baba zai gama ran Lahadi, ba wanda zai cutu. Ya tuna zauren nan da "lafiya" guda ɗaya. Ya tuna idon Luba. Ƙarfe huɗu saura minti takwas ya tura hoton ya danna. Akwatin ya koma kore. Ita ce ƙaryar farko da ya taɓa yi a bakin aiki, kuma don ƙauna ya yi ta.

Da a nan ya tsaya, ya je ya faɗa wa tsohon, da yau ba wannan labarin ake ba. Ya yi tunanin faɗar. Amma da wane baki? Ya je ya tsuguna ya ce, "Baba, na rufa maka asiri, sai ka hanzarta"? Wannan ai ya fi jan ma ciwo. Ya aika Sabo? Kafin magariba duk gari ya ji. Ya faɗa wa Luba? Sai ya zama ya nuna mata gazawar ubanta, ya kuma nuna mata tasa. Da ya koma gida ta kawo masa ruwa, ta ɗan dube shi, ya kawar da kai. 

Ran Juma'a ya hango tsohon a masallaci, sahu biyu a gabansa, duga-dugansa sun yi fari da siminti. Bayan an sallame ya tsuguna a gefen hanya ya gaishe shi.

"Yaya aiki?" in ji Malam Dallatu, yana kallon wani wuri.

"Da godiya, Baba."

"Madalla."

Tsohon ya wuce. Bunu ya bi bayansa da kallo, maganar na bakinsa, ya haɗiye ta.

Kwana tara ke nan ba a kawo wuta ba, wayar aiki kuwa cin caji gare ta kamar me. Da yamma ya kai ta rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, ya kashe ta, ya ce zai karɓa da safe. A wannan yammacin ne wani sashe da ke gabas da su, wanda ruwansa yake ran Asabar, ya faɗa ja, don ba su gama yashe magudanarsu ba. Manhajar ta yi abin da aka gina ta ta yi. Ta duba wa ya shirya, ta ga Tudun Kallamu kore tas, ta dawo da ruwansu daga Litinin zuwa Asabar ƙarfe bakwai na safe. Ta tura wa Bunu saƙo cikin wayar da ke kashe a kan kantar mai caji. Wayarsa ba ta nuna masa akwatunan wani sashe, ba yadda za a yi ya san sun makara.

Mai buɗe ƙofar ruwa a madatsa wani dattijo ne, Uwaisu. A da, kafin ya juya ƙarfen, sai ya kira mai sashe sun gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "To, in sako?" Yanzu umarni ke zuwa a waya, kuma an ba shi rabin sa'a ya cika, in ya wuce shi ma akwatinsa ya sauya launi. Duk da haka tsohon hali bai bar shi ba, ya kira lambar Bunu sau ɗaya. A kashe. Ya duba, komai kore. Ya yi bismilla ya buɗe.

Daga madatsa zuwa Tudun Kallamu ruwa yakan ci sa'a biyu da rabi a hanya. Ƙarfe tara da kwata Bunu ya karɓi wayarsa, ya kunna yana tsaye yana hira da mai shayi. Ta yi ƙara. Ya karanta saƙon sau ɗaya, ya dubi lokaci. Bai san sa'ad da ya hau babur ba. Ya bar takalminsa ɗaya a wurin.

Ya bi ta gefen magudana. Bai yi nisa ba ya tarar da ruwan, ja wur da laka, yana tura karmami da ledoji a gabansa, yana tafiya ba gaggawa ba tsayawa. Ya murɗa babur ya wuce kan ruwan, amma hanyar gefen magudana ba ta gudu ba ce, ga ramuka ga kunyoyin albasa, sau biyu yana faɗuwa. Da ya hango titi, ruwan ya sake shan gabansa. Ya yar da babur ya sheƙa da ƙafa. Ya hango Sabo a tsallaken titi, ya juya baya yana kwaɓa siminti, bai san abin da ke tafe ba.

A nan ne Bunu ya buɗe baki, ya kira sunan da shekara goma sha tara bai taɓa faɗa ba.

"Dallatu! Dallatu, fito! Ruwa!"

Sabo ya waiwayo a firgice, ya rasa abin da ya fi ba shi mamaki, ihun ko sunan. Ruwan ya riga ya shiga. Aka ji katakai na karyewa a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Bunu ya faɗa bakin kwalbatin, ruwa ya kai masa ƙirji, Sabo da wasu manoma biyu suka finciko shi da ƙarfi yana fizgewa. Aka kira Uwaisu ya rufe ƙofa, amma ruwan da ya riga ya taho ba ya komawa. Sai bayan azahar ya janye, aka shiga aka fito da tsohon daga tsakanin katakan. Luba tana tsaye a kan titi tun hantsi da ƙwaryar fura a hannu, ba wanda ya iya karɓar ta daga hannunta.

Aka yi jana'iza kafin la'asar. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yan Malam Dallatu maza suka riƙe hannun Bunu suka ce ya yi haƙuri. Wallahi da sun mare shi da ya fi jin daɗi. Gari ƙarami ne, kafin sadakar uku kowa ya san wanda ya danna, kuma kowa ya san dalili, shi ya sa ba wanda ya iya buɗe baki ya zarge shi. Da yawansu sun san da su ne a gindin darbejiyar nan, abin da za su yi ke nan.

A rana ta huɗu Injiniya Ziyad ya zo da takarda a hannu. Ba mugu ba ne, idonsa ma ja yake. Suka zauna a zaure su biyu.

"Malam Bunu, sistem ya nuna kai ka danna. Alhamis, huɗu saura minti takwas. Ga hoton."

"Ni ne."

"Ka shiga ciki ka duba?"

"Na leƙa. Na ga ba a gama ba."

Ziyad ya ajiye biro. "To, don Allah, me ya sa?"

"Surukina ne."

Ziyad ɗan Kano ne, yana da surukai shi ma.  Ya gane sarai, ya kuma san ba wani gurbi a takardarsa da zai ɗauki wannan amsar. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya karɓi wayar aiki ya tafi. Bayan mako biyu aka sallami Bunu. Ƙungiyar ta ƙara tambaya guda a manhajar, wadda mai sashe zai amsa kafin a saki ruwa: ko akwai mutum a cikin magudana. Aka kawo wasu magina daga birni suka gama kwalbatin. Alkamar shekarar ta yi kyau ƙwarai, abin haushi, har aka zo daga Abuja aka ɗauki hotonta.

Bunu ya koma gonar kakansa. Littafin mai baƙin bango ya sa shi a ƙasan akwati. Ya rame, ya daina zama a majalisa. Abin da ya fi damunsa Luba ce. Tana dafa abinci, tana kawo masa ruwan alwala, tana amsa gaisuwa, amma ba ta kallonsa. Ya ɗauka ta tsane shi, kuma ya ga tana da gaskiya. Kullum yana jiran ranar da za ta ce ya ba ta takardarta.

Sai bayan sadakar arba'in ta yi magana. Da rana ne, tana zaune a tsakar gida tana tsince albasa, yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya.

"Malam," in ji ta, "akwai saƙonka a wurina."

Ya ɗago.

"Ran Alhamis ɗin nan da na kai wa Baba fura, ya fito ya zauna a kan dutse. Ya ce, 'Luba, ki gaya wa maigidanki aikin nan ba zai ƙare yau ba. Kada ya ji nauyina. Ya rubuta abin da ya gani, yadda ya saba. Na bara ma shi ke da gaskiya, ni ne na riƙe abin a rai.'"

Bunu ya ji fartanyar ta sulluɓe daga hannunsa.

"Na dawo gida ƙarfe goma sha ɗaya," ta ci gaba, ba ta daina tsince albasar ba. "Wayata na hannuna. Na fito da lambarka ya fi sau biyar. Sai na ce in na faɗa maka, za ka bar akwatin ya yi ja, a cire sunan Baba, a yi ta yi da shi a kasuwa. Sai na yi shiru, na ce wataƙila ka rufa masa asiri da kanka. Da ka shigo da yamma na dubi fuskarka, na gane ka danna." Ta ajiye albasar da ke hannunta. "Na ji daɗi, Malam. Wallahi ranar na ji daɗi, har na ƙara maka nama a miya."

Ya so ya ce mata ba laifinta ba ne. Ya so ya ce ko da ta faɗa masa, wataƙila da ya danna ɗin. Amma bai sani ba, har yau bai sani ba, kuma ya riga ya yi ƙarya ɗaya a rayuwarsa ya ga abin da ta haifa.  Suka zauna a tsakar gidan su biyu, har inuwa ta bar su, ba wanda ya tashi.

Shekara huɗu ke nan. Ba su rabu ba, ba su kuma sake ɗaga maganar ba. Wani matashi ne ke riƙe da sashen yanzu, yana amsa sabuwar tambayar daga kan babur ɗinsa ba tare da ya sauka ba. Bunu kuwa duk ranar ruwa sai ya fita da sassafe ya je bakin kwalbatin, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can. Luba ba ta hura wuta sai ya dawo. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki in ya shigo.

"Ba kowa?"

"Ba kowa."

Sannan ta je ta ɗora tukunya.